Yadda ake ajiye aiki kafin lokaci ba tare da an shiga rana ba

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da sakandare dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40 a bakin aiki, farfesoshin jami'a kuma sai 70. Duk wanda ya tafi kafin nan bisa ra'ayin kansa, shi ne ya yi ritaya da wuri. Doka ba ta hana ba. Abin da ta hana shi ne fara karɓar fansho kafin shekara 50, kuma a nan ne mafi yawan masu fita suke tuntuɓe. Mutum ya bar aiki yana da 43 ko 45, albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, cefane kuwa ba ya hutu. Aikin da ke gabanka shi ne ka san tsawon wannan giɓin da kuɗin da zai ci, ka gyara takardunka, sannan ka rubuta takardar ajiye aiki. Ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Mataki na 1: Tantance abin da ya ishe ka

Gajiya da aiki daban, gajiya da wurin aiki daban. Ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da suke sa ka jin nauyin fita ranar Litinin, ka raba su gida uku: na mutane, wato oga da abokan aiki, na kuɗi, wato albashin da ba ya kai ƙarshen wata da kuɗin mota, da na aikin kansa. Idan gidan farko ne ya cika, ritaya ta yi wa matsalar yawa. Oga yana canzawa, kai ma ana iya canza maka wuri. Akwai neman sauyin sashe ko ma'aikata, akwai tura ma'aikaci aro zuwa wata hukuma, akwai hutun ƙaro karatu, akwai kuma hutun da ba a biyan albashi, wanda yake barin kujerarka tana jiranka. Idan gida na biyu ne, ka tuna ritaya tana rage kuɗin shiga ne, ba ta ƙarawa, sai dai in kana da wata sana'a da ta riga ta fi albashin kawowa. Gida na uku da larurar rashin lafiya su ne dalilan da suka fi tsayuwa da ƙafarsu.

Gwaji mai sauƙi: karɓi hutunka na shekara a dunƙule, kada ka yi tafiya, ka zauna ka yi ainihin abin da kake cewa za ka yi bayan ritaya. Wanda mako biyu a gona ko a shago suka gundure shi, ya samu amsa da araha.

Mataki na 2: San tsarin fanshon da kake ciki

Ma'aikatan tarayya da na kamfanoni suna ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kafa da dokar 2004 aka sabunta a 2014, hukumar PenCom kuma ita ke sa ido. Ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10, jimla 18. Ana lissafa shi ne a kan abin da bai gaza jimlar albashin asali da kuɗin gida da na sufuri ba. Kuɗin yana shiga asusu mai sunanka, wanda ake kira RSA, kamfanin fansho da ka zaɓa, wato PFA, yana juya shi.

Jihohi kuwa kowacce da dokarta. Kaduna ta shiga tsarin karo-karo irin na tarayya. Kano da Jigawa suna da nasu tsarin, inda ake cire kuɗi daga albashi amma ana zuba su a asusun bai-ɗaya, a biya giratuti da fansho bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe. Wasu jihohin har yanzu suna kan tsohon tsari. Sojoji da jami'an tsaro na farin kaya an fitar da su daga tsarin karo-karo. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, domin a tsohon tsarin tarayya shekara 5 a aiki ke ba da damar giratuti, shekara 10 ke ba da damar fansho, kuma tsarin da aka gina a kan irin wannan ƙa'ida yana iya sa wanda ya fita saura wata uku ya cika adadi ya tashi a tutar babu. Idan kai ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma ne, je ofishin hukumar fanshon jiharka ka nemi dokar a rubuce, ka duba abu uku: mafi ƙarancin shekarun aiki, shekarun haihuwar da ake fara biya, da kuma wace shekarar ritaya ake biyan giratutinta a yanzu. Tambaya ta ukun ita ce za ta nuna maka tsawon layin da za ka shiga.

Sauran bayanin da ke ƙasa ya fi shafar masu asusun RSA.

Mataki na 3: Binciki asusunka wata-wata

Nemi cikakken bayanin asusu daga ranar da aka fara zuba maka kuɗi, ba na wata uku na ƙarshe kaɗai ba. Ajiye shi gefe da takardun albashinka ka bi wata bayan wata. Doka ta ce mai aiki ya tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, wanda ya ƙi kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Duk da haka ana samun kamfanonin da suke cirewa a albashi ba sa turawa. Idan ka ga watanni babu komai, rubuta wa sashen kuɗi na wurin aikinka, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ba a gyara ba, kai ƙara PenCom. Yi wannan tun kana ciki. Ma'aikacin da ke zuwa ofis kullum ana jin maganarsa, wanda ya riga ya tafi kuwa sai ya yi ta sintiri ana ce masa mai sa hannu ba ya nan.

Sai matsalar suna da ranar haihuwa, wadda ta fi kowace riƙe kuɗin mutane. Sunan da ke fayil ɗinka na ofis, da na lambar NIN, da na BVN, da na kamfanin fansho, dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari a wata takarda babu shi a wata, ya isa a dawo da fayil. Mata da suka sauya suna bayan aure su tanadi takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida. Ranar haihuwa ta fi wuya, domin ofis yana riƙe da wadda ka bayar ranar da aka ɗauke ka, kuma ba kasafai ake yarda a sauya ta ba. Duk wanda ya buɗe asusunsa kafin Yulin 2019 sai ya je an sabunta bayanansa an haɗa su da NIN, in ba haka ba ba za a biya shi ba, ba kuma zai iya sauya kamfani ba. Wanda ya taɓa yin rajista sau biyu har yana da lamba biyu, shi ma a wannan zaman ake haɗe masa su.

Wanda ya kama aikin tarayya kafin ƙarshen Yunin 2004 yana da wani haƙƙi na daban, na shekarun da ya yi a tsohon tsari. Wannan kuɗin gwamnati ce take sakinsa bayan ritaya, kuma sai an yi rajistar tantancewa ta PenCom, wadda aka saba yi shekara guda kafin fita. Sakin nasa ya sha yin jinkiri a baya, don haka kada ka ɗora cefanen watannin farko a kansa.

Mataki na 4: Lissafin giɓi

Nan ne ya kamata ka daɗe. Rubuta duk abin da gidanka yake kashewa na wata shida a jere, a littafi, ba da ka ba. Abinci, gas ko gawayi, wuta, ruwa, man abin hawa, kati da data, magani, abin da ake aika wa iyaye, gudummawar biki da suna. Sannan kawo na shekara-shekara ka raba su 12: haya, kuɗin makaranta zango uku, azumi, kayan Sallah, ragon layya, gyaran rufi kafin damina. Waɗannan na shekara su ne ake mantawa, su ne kuma suke karya lissafi.

A ce shekararka 44, gidanka yana cin naira 250,000 a wata. Saura shekara 6 ka kai 50, wato wata 72. In farashi ya tsaya cak, naira miliyan 18 kake buƙata. Amma ba ya tsayawa. A ce kaya suna ƙara kashi 15 cikin ɗari duk shekara: shekarar farko miliyan 3, ta biyu miliyan 3.45, ta uku kusan 3.97, ta huɗu 4.56, ta biyar 5.25, ta shida ta haura miliyan 6. Jimla ta wuce miliyan 26. Kashi 15 ɗin ma sassauci ne, domin bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin darajar naira, alƙaluman gwamnati sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024.

Yanzu duba abin da doka ta yarda ka ɗauka. Wanda ya bar aiki kafin 50, da kansa ko sallamarsa aka yi, idan ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba. A ce akwai miliyan 8 a asusun, miliyan 2 ke nan. A gidan da ke cin 250,000, wata takwas ne. Ragowar wata 64 daga aljihunka za su fito. Wanda likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba saboda larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, shi doka ta ba shi damar fara karɓar haƙƙinsa ko bai kai 50 ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Idan albashin da ake lissafi a kai 300,000 ne, kashi 18 naira 54,000 ne a wata, 648,000 a shekara. Fita shekara 10 kafin lokaci na nufin kusan miliyan 6 da rabi ba za su shiga asusun ba, ban da ribarsu, ban da ƙarin girman da za ka samu. Shekarun ƙarshen aiki su ne albashi ya fi tsoka, su ne suke gina asusun. Ga shi kuma ana lissafa fanshon wata ne bisa abin da ke asusun, da shekarunka, da jinsinka, da albashin ƙarshe. Mai shekara 50 ana raba masa kuɗinsa a kan shekaru masu yawa fiye da mai 60, saboda haka nasa na wata ya fi ƙanƙanta ko da kuɗinsu ɗaya.

Daga wannan lissafin hukunci biyu suke fitowa. Idan kana da 48 ko 49, daure ka cika 50, domin a lokacin kana fita za ka iya neman haƙƙinka kai tsaye, babu giɓi. Idan kuma kana ƙasa da haka, kada ka fita sai kana da ɗaya cikin biyu: ajiyar da ta rufe giɓin, ko sana'ar da ta yi shekara biyu a jere tana biyan aƙalla kashi biyu cikin uku na cefanen gida, tare da ajiyar shekara guda a gefe.

Mataki na 5: Inda za a ajiye kuɗin

Raba ajiyarka kashi uku kada su haɗu. Na farko kuɗin cefanen wata 6 zuwa 12, a banki inda za ka cira ko da tsakar dare. Ka san cewa hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tana lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci tun 2024, miliyan 2 a ƙananan bankuna, don haka abin da ya haura wannan a raba shi banki biyu. Na biyu kuɗin shekara ta biyu zuwa ta shida, a abin da yake kawo riba kuma ba ya cin uwar kuɗi. Ofishin kula da basussuka na tarayya yana sayar da takardun lamunin ajiya na shekara 2 da 3, ana shiga da naira 5,000, ana biyan ruwa duk wata uku. Wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017 ana gina tituna da shi, ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, sai dai ba kullum ake buɗe shi ba kuma wa'adinsa yana da tsawo. Akwai kuma asusun mudaraba a bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Na uku shi ne jarin sana'a, wanda in ya narke gida ba zai kwana da yunwa ba.

A cikin asusun fanshon ma akwai zaɓi da yawancin ma'aikata ba sa amfani da shi. Tun 2018 an raba kuɗin rukuni-rukuni. 'Yan ƙasa da 50 ana sa su a rukuni na biyu kai tsaye, masu 50 zuwa sama a na uku wanda ya fi taka-tsantsan, 'yan fansho a na huɗu. Rukuni na ɗaya ya fi zuba kuɗi a hannun jari, sai wanda ya nema a rubuce. Rukuni na shida shi ne wanda ba a mu'amala da kuɗin ruwa, kuma kowa yana iya neman a mayar da shi can. Tun Nuwamban 2020 kuma ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. Kafin ka sauya, kwatanta ribar shekara uku zuwa biyar, ka kuma duba ko suna da ofis a garinku, domin ranar neman haƙƙi ƙafa ce za ta yi aiki.

Kana iya sa a riƙa cire maka ƙari na ganin dama daga albashi zuwa asusun. Amfaninsa shi ne ana cirewa kafin kuɗin ya zo hannunka, kuma wani ɓangare nasa ana iya karɓa kafin ritaya. Sai dai in ka cire kafin shekara 5, za a caji haraji a kan ribar da ya samar.

Duk wanda ya zo maka da harkar da za ta ninka kuɗi cikin wata ɗaya ko biyu, sallame shi. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma masu irin wannan harka sun san ranar da 'yan ritaya suke karɓar kuɗi. Takardar rajistar kamfani ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Wannan lasisin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ce ke bayarwa, ana kuma iya duba sunan kamfani a wajenta.

Mataki na 6: Gwada sana'ar tun albashi yana shigowa

Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Noma da kiwo ke nan ƙofar da take buɗe sarai. Ma'aikacin kamfani kuma ya duba yarjejeniyar aikinsa.

Fara ƙarami, ka riƙe littafi. Mai son kiwon kaji ya fara da 100 ko 200 ya ga zagaye uku, har da na lokacin zafi, kafin ya yi maganar 2,000. Abinci ne yake cinye mafi yawan kuɗin kiwon kaji, farashin masara da waken suya kuma yana iya tashi a tsakiyar zagaye. Mai son noma ya ga damina biyu, domin ta farko ba ta isa shaida ba. Abin da ya fi kashe jarin 'yan ritaya guda uku ne. Sayen motar haya ko Keke Napep a miƙa wa direba ba tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan balas da gyara ba, sai wata shida a dawo da abin hawa ya zama kwarangwal. Buɗe shago a damƙa wa ɗan uwa, ana ɗiban kayan gida daga ciki ba a rubutawa, har jari ya koma cefane. Sai kuma ba da bashi saboda kunya, musamman ga tsofaffin abokan aiki. Maganin duka ukun ɗaya ne: asusun sana'a daban da na gida, ka yanka wa kanka albashi, a ƙirga kaya duk ƙarshen wata.

Kada ka raina ƙwarewar da ka fita da ita. Akanta, malamin jinya, injiniya, malamin lissafi, duk suna iya samun aikin kwangila ko na wucin gadi da ba ya buƙatar jari. Sabunta lasisinka na ƙungiyar sana'a kafin ka fita, lokacin da biyan kuɗinsa bai zama nauyi ba.

Mataki na 7: Bashi, muhalli, lafiya da iyali

Biya bashin banki da na ƙungiyar adashen ma'aikata kafin ka tafi. Bashin albashi an gina shi ne a kan albashi, yana tsayawa banki zai bi duk kuɗin da ya shigo asusunka. Wanda ke zaune a gidan gwamnati ko na kamfani ya san wa'adin tashi. Fita ritaya a gidan haya kuwa yana ninka haɗarin, domin haya ba ta jiran riba. Tun 2022 ana iya amfani da har kashi 25 na asusun fansho a matsayin kafin alƙalamin bashin sayen gida, ga wanda aka zuba masa kuɗi na wata 60 kuma yana cikin aiki, amma duk abin da aka ɗauka a nan ya ragu daga fanshon gobe. Idan ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, karɓi bayanin abin da ka tara a bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, ka ajiye lambarka don neman a mayar maka.

Abu biyu suna tsayawa ranar da aiki ya tsaya. Inshorar rai ta rukuni, wadda doka ta wajabta wa mai aiki ya yi maka a kan ninki uku na albashin shekara, ta ma'aikaci ce kawai. Inshorar lafiya ta wurin aiki ma yawanci tana ƙarewa. Yi rajista da kanka a shirin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, na masu biya da kansu ko na hukumar lafiya ta jiharka, ka sa kuɗin a lissafin shekara. Kafin katin ofis ya mutu, a duba maka hawan jini, suga, ido da haƙori.

Zauna da iyali a yi maganar da adadi. Uwargida ko maigida su san nawa zai riƙa shigowa, wace makaranta za a iya riƙewa, wane taimako ga dangi za a rage. Sabunta sunan magajin da ke fayil ɗinka, amma ka sani wanda aka rubuta a fom ba shi ke cinye kuɗin ba. Idan mai asusu ya rasu, sai an kawo wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan a raba bisa gado.

Mataki na 8: Rubuta takardar da miƙa aiki

Zaɓi ranar da kyau. Idan jarrabawar ƙarin girma ta kusa ko takardarta tana hanya, jira ta fito ta hau kan albashi, domin albashin ƙarshe yana shiga lissafi. A aikin gwamnati an saba ba da sanarwar wata 3 ga mai ritaya, wata 1 ga mai murabus. A kamfani, dokar ƙwadago ta sa mafi ƙarancin sanarwa wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye, amma yarjejeniyarka tana iya cewa fiye da haka, ita za ka bi. Tambayi sashen ma'aikata ko shekarunka sun kai a rubuta ritaya ta ganin dama maimakon murabus, saboda haƙƙin da ke bin kowacce ba lallai ya zama ɗaya ba. Idan kamfani yana shirin rage ma'aikata da biyan kuɗin sallama, wanda ya riga ya yi murabus ba ya cikin rabo.

Takardar gajera ce: sunanka, lambar fayil, muƙami, ranar kama aiki, ranar da kake son fita, godiya. Ba wurin huce haushi ba ne. Bi da ita ta hannun shugaban sashenka, ka karɓi kwafi mai hatimi. Ci gaba da zuwa aiki har amsar amincewa ta fito a rubuce. Wanda ya daina zuwa kafin nan ana iya rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, hukuncin wannan kuwa kora ne. Idan albashi ya ci gaba da shigowa bayan ranar fitarka, kada ka taɓa, za a nemi a mayar kafin a wanke ka.

Haɗa waɗannan a fayil guda, asali da kwafi uku-uku, ka kuma ɗauki hotonsu a waya: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, takardun ƙarin girma musamman na ƙarshe, kundin tarihin aikinka da ofis ya sa wa hannu, takardun albashi na watannin ƙarshe, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardar amincewa da ritaya, takardar wankewa daga sito da sashen kuɗi da ƙungiyar adashe, da hotuna ƙanana. Ma'aikacin kamfani ya ƙara da wasiƙar da ke tabbatar da cewa an tura duk kuɗin fanshonsa.

Mataki na 9: Karɓar kuɗin

Bayan wata 4 da fita kana iya neman kashi 25 ɗin a kamfanin fanshonka da takardar barin aiki da sauran takardun da ke sama. Ba dole ba ne ka karɓa. In sana'a tana riƙe da gida, barinsa ya fi, domin yana ci gaba da tara riba, kuma damar ba ta maimaituwa yadda mutum yake so.

Ranar da ka cika 50 za a zaunar da kai a nuna maka lissafi. Za ka iya ɗaukar wani kaso a dunƙule, da sharaɗin ragowar ta isa biyan fansho na wata-wata. Ragowar kuma hanya biyu ce. Ta farko, kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juya shi ana biyan ka wata-wata ko duk wata uku. In ka rasu, abin da ya rage na magada ne, kuma idan riba ta taru akan yi ƙarin fansho lokaci-lokaci. Ta biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai ya riƙa biyan ka har ƙarshen rayuwa. A nan akwai lamunin shekara 10: wanda ya rasu a cikinsu za a biya magada ragowar shekarun, wanda ya wuce su kuwa babu abin da ya rage na gado. Wanda ya fara da hanyar farko yana iya komawa ta biyu daga baya, amma wanda ya shiga ta biyu ba ya dawowa. Saboda haka mai shekara 50 da ke da yara ƙanana, ko wanda bai gama yanke shawara ba, ya fara da ta farko. Wakilan ɓangarorin biyu duk suna da kamasho a kanka, don haka karɓi lissafin kowanne a rubuce ka tafi gida da shi kafin ka sa hannu.

Idan abin da ke asusun bai isa ya ba da fanshon da ya kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, wato kimanin naira 23,300 a wata bisa albashin 70,000 da aka amince da shi a 2024, ana ba mutum kuɗinsa gaba ɗaya. Wanda ya samu wani aikin bayan ya fita kuma, kada ya buɗe sabon asusu. Lambarsa ta farko zai ba sabon wurin aikin a ci gaba da zubawa a ciki.